Ranar da Tanimu Ya Rufa wa Lise Asiri

A Garin Ari, can bayan Tirmini, in ka tambayi wanda ya gina lise, wato babbar sakandare, ko akuya ka tara za ta nuna maka gidan Tanimu. Ita ma ta fi kowa sanin ginin, don ita ke cinye shi.

Tanimu mai zana ne, gadon gidansu ke nan. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa kamar dirkar da ta sha damina, tafin hannunsa kuwa in kun gaisa sai ka duba naka ko ya yanke. Mutanen gari suna ce masa Ɗan Kwangila, shi ko bai taɓa musu ba. Yakan ce duk ƙasar Damagaram shi kaɗai ne ɗan kwangilar da ke gama aikin gwamnati, kuma baɗi ya sake gama shi.

Ga yadda aikin yake. In an yi kaka, gamba ta bushe a fadama, sai ya ɗauki lauje ya yanko, ya zauna ƙarƙashin iccen bedin ƙofar gidansa ya yi ta saƙa. Iyayen yara su kawo dirka da kara, shi ya kafa, ya ɗaure da igiyar kaba, ya yi rufi. A rataya allo a jikin dirka biyu, aji ya samu. Malaman lakwal, wato makarantar boko, suna ce wa irin wannan aji payot, da Faransanci, wai ko zai ƙara masa daraja. Rumfa dai rumfa ce.

Matsalar ita ce gamba ba ta san kalandar gwamnati ba. Ana buɗe makarantu a watan Oktoba, ita kuwa ba ta bushewa sai an gama girbi. A ɗaya gefen kuma, hadarin farko na ƙarshen bazara in ya taso da iskarsa, sai ka tarar da ajin lissafi a gonar wani. Shi ya sa shekarar karatu a Garin Ari take kamar tabarmar da gara ta ci ta kai ta ci ta ƙafa. Tsakiyar kaɗai ake kwanciya.

Lokacin da Tanimu yake yaro, lise sai cikin birnin Damagaram. Duk yankinsu mutum ɗaya ya sani da ya shiga, in ya zo hutu kumatunsa har ƙyalli suke yi. Yana ba su labarin gado da katifa, da shinkafa da kifin gwangwani, da sabulun da gwamnati ke rabawa. Tanimu, wanda aka cire daga lakwal tun bai gama firamare ba, sai ya riƙe a ransa cewa lise wuri ne da gwamnati ke riƙe yaro kamar ita ta haife shi. Daga baya aka shiga shekarun ɗaure ɗamara, ɗakunan kwana suka rufe, tukunya ta huce. Can kuma sai abin ya juya: aka shiga buɗe makarantu ko'ina, har ƙauyukan da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Garin Ari ya samu koleji, ƙaramar sakandare ke nan, mai azuzuwan siminti. Da yaran kolejin suka girma, sai aka aiko da takarda da allon suna, aka ce yanzu har lise gare ku. Takardar ta iso lafiya, allon ma an kafa shi. Bangon ne bai samu mota ba.

Duk ƙarshen shekara Tanimu yana saƙa yana jin rediyo ana karanta kasafin kuɗi, ana cewa an ƙara wa ilimi kaso. Ba ya ƙaryata rediyo, mutum ne mai ladabi. Cewa yake yi an ƙara malmala ɗaya a akushi, amma masu ci sun ƙaru da zaure guda. Ga kuma sojoji, yaran da ke riƙe da bindiga a kan iyaka, su ma daga akushin nan suke ci, kuma duk wanda ke da ɗa a can ba zai ce a rage musu ba. Masu kawo taimako daga waje kuwa, in sun zo, ƙananan yara suka fi so su ɗauka hoto. Lise ta zama ɗan tsakiya a gida: ba ta da gatan fari, ba ta da na auta.

Da a ce abin a nan ya tsaya, da Tanimu ya ci gaba da saƙarsa yana tsokanar rediyo. To amma akwai Rakiya.

Rakiya 'yarsa ce ta uku, ita kaɗai a cikin 'ya'yansa ta haye jarrabawar koleji. Yarinya ce marar surutu, mai tafiya da littafi a hammata ko rijiya za ta. Tana cikin rukunin farko da suka fara lise a garin. Aji uku ne a lise. Ta yi na ɗaya a rumfar ubanta, ta shiga na biyu a rumfar ubanta. Saura na ƙarshe, wanda suke ce wa tarminal, inda ake rubuta babbar jarrabawar nan ta bak, mai buɗe ƙofar jami'a.

Shugaban makarantar, Mushe Abdulmumin (Mushe ake ce wa malamin lakwal a nan), saurayi ne daga yammacin ƙasa, mai ƙoƙari da saurin magana. Shi ya tara iyaye ya gaya musu gaskiya. Ya ce an sanar da shi ba za a buɗe tarminal a rumfa ba, don karatun bak yana son cikakkiyar shekara, kuma ba za a turo malamai su zauna jiran ciyawa ta bushe ba. In ba a samu ajin siminti mai rufin tol, wato kwano, ba, to 'yan tarminal sai su tafi Damagaram.

Kowa a wurin ya san abin da wannan ke nufi. Namiji ya kwana a shagon ɗan garinsu, ya yi karatu a gindin fitilar titi. Mace fa? Sai mai masauki, sai gidan da aka yarda da shi. Tanimu ba shi da ɗan'uwa a birni ko na nesa.

Sai Mushe ya ce akwai ɗan haske. Bana an ware azuzuwa kaɗan ga yankin, ba za su ishi kowa ba, don haka wasu baƙi za su zo daga Yamai su zaga, su ga inda abin ya fi muni, a fara da can. Garin Ari yana cikin inda za su leƙa.

"Don Allah, iyayena," in ji shi, "abu ɗaya nake roƙo. Kada a taɓa komai. Yadda muke, haka za su gan mu."

Aka ce masa to. A ƙasar nan in an ce maka to, ba lalle an yarda ba ne, an dai ji ka.

Lokacin bazara ta fara shigowa. Rumfunan sun sha rana sun yi baƙi, awaki sun buɗe tagogi a inda Tanimu bai yi niyya ba, rufin ajin su Rakiya ya lotsa har dogon malami sai ya duƙa. Yara suna zama a kan bulo da buhunan da ba komai ciki. Kwana kaɗan kafin zuwan baƙi, Mushe ya hau kabu-kabu ya tafi birni, don ya taro su ya shigo tare da su.

Ƙurar babur ɗin ba ta gama kwantawa ba mai gari, Malam Bukar, ya aika a kira dattawa.

"Kun ji abin da yaron nan ya ce," in ji mai gari. "Wai baƙi za su taso tun daga Yamai, su zo su tarar da 'ya'yanmu a ƙasa kamar kaji. Su koma su ce sun je Damagaram, ga abin da suka gani."

"Subhanallahi," in ji liman.

"Ranka ya daɗe," in ji Tanimu, "ai Mushe cewa ya yi dalilin zuwan ke nan, su ga inda ya lalace."

"Mushe yaron kirki ne, amma baƙo ne. Kai Ɗan Kwangila, in surukinka zai zo gidanka, kana fito da tsumman matarka ka shanya a zaure don ya san kana da bukata? Ai babba in ya ga ka mutunta shi, shi ya san abin da zai yi. Ba a koya wa manya kyauta."

Wani dattijo mai suna Ɗanƙarami, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya ƙara da cewa, "Kuma fa in sun ga rumfar nan a haka, ba gwamnati za su zaga ba. Cewa za su yi wane raggo ne ya yi wannan saƙar?"

Nan ne maganar ta sami Tanimu. Ka zagi gonarsa, ka zagi jakinsa, zai yi dariya. Amma saƙa?

Ya koma gida ya buɗe rumbun da ya ajiye zanar sayarwa, zaɓaɓɓiya, wadda yake kai wa masu gidaje a birni. Matarsa Hauwa tana tsaye da muciya tana kallonsa yana fitarwa.

"Malam, ina za a kai waɗannan?"

"Lakwal."

"Ba Mushe ya ce kada a taɓa ba?"

"Ba taɓawa zan yi ba. Ɗan gyara ne."

"Ɗan gyaran ne ya kwashe rumbu? To Allah ya sa mu ga alheri."

Duk wanda ya ga aikin nan ya shaida Tanimu bai taɓa yin irinsa ba. Ya sauke tsofaffin zana ya ɗaura sababbi, launinsu kamar zuma. Ya ɗaga rufi, ya miƙe dirkoki, ya yi wa bakin kowace ƙofa kitso da kaba. Gari kuma ya tashi. Mata suka share fili suka zuba farin yashi. Aka kwaso bencina daga koleji da ɗakin shan magani, har da na mai shayi. Aka jera tuluna da sababbin moɗa. Aka ɗaure awakin gari duka, abin da ko a damina ba a samu a yi. Mai gari ya ba da rago.

Rakiya ce kaɗai ta tsaya a gefe. Ta sami ubanta a kan tsani yana ɗaure rufin ajinsu.

"Baba, in sun ga haka ai za su ce ba mu da matsala."

"Ke dai riƙe min tsanin nan. Manya suna da ido, sun san ciyawa sun san siminti."

Ta riƙe tsanin.

Ranar zuwan baƙi, Mushe Abdulmumin yana gidan baya na farar motarsu. Direban ne ya ba da labari daga baya, ya ce tun daga fitar birni har kwanar garin Mushe bai rufe baki ba. Yana ce musu su shirya zukatansu, za su ga abin tausayi, yara a ƙasa, awaki a cikin aji, rufi a kan malami. Shugabar tawagar, wata mata mai tabarau da ake ce wa Madam Fati, har ta fara girgiza kai tun ba ta gani ba.

Motar ta sha kwana. Ga rumfuna a jere suna ƙyalli a rana kamar an shirya walimar sarauta. Ga yara a kan benci da wankakkun kaya. Ko kashin akuya ɗaya babu a filin.

Direban ya ce Madam ta juyo ta dubi Mushe ta saman tabarau, shi kuwa Mushe ya dubi takalminsa.

Baƙin sun ji daɗi, wannan ba a musu. Sun shiga aji sun ce kai, nan ya fi ofishinsu sanyi. Sun ci rago. Madam Fati ta sa aka kira wanda ya yi saƙar, ta sa ya tsaya a bakin ƙofa aka ɗauke shi hoto, ta ce da kowane gari zai tashi tsaye haka da ƙasa ta huta. Mushe ya yi ta ƙoƙarin jan su bayan rumfa inda aka tara tsofaffin zana, amma an riga an kai su murhu. Ya ce bencin nan na aro ne. Mai gari ya yi dariyar manya ya ce, "Mushe ke nan, akwai barkwanci."

Da yamma Tanimu ya koma gida yana tafiya kamar wanda aka naɗa. Har ya ce wa Hauwa hotonsa zai je Yamai. Ta ce to, Allah ya sa ya dawo da siminti.

Amsa ba ta zo ba sai da damina ta kusa. Kafin nan iska ta riga ta yi aikinta, sababbin zanan ma ba ta raga musu ba. Mushe da kansa ya zo ƙofar gida, ya zauna a kan turmi, ya daɗe yana gaisuwa.

"Baba Tanimu, an raba azuzuwan."

"To, madalla. Yaushe za a fara?"

"Ba mu samu ba. An ba wani gari can kudu. Su da baƙin suka je, a gindin gawo suka tarar da yaran, allo a jingine da icce, jaki yana kuka a bayansu."

"Su ba su san baƙi za su zo ba?"

"Sun sani."

Tanimu ya ɗauki wani zaren kaba ya naɗe a yatsa ya warware.

"Mu me suka ce a kanmu?"

"Sun yaba ƙwarai. Sun ce Garin Ari abin koyi ne, yana iya jira."

Mushe bai ce ai na gaya muku ba, kuma wannan ya fi ciwo. A majalisar mai gari an tattauna, aka tsaya a kan cewa rabo ne bai yi ba, kuma mutanen kudun nan dama ba su da kunya. Ɗanƙarami ya ce ko ba komai an san mu a Yamai. Babu wanda ya ambaci sunan Tanimu, shi ma bai ambaci na kowa ba.

A gida Rakiya ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da zuwa gona, da rana in an huta ta buɗe littafi a inuwar kuka. 'Yan matan ajinsu ɗaya bayan ɗaya iyayensu suka ce to, karatu ya kai inda Allah ya nufa. Hauwa ce ta tare mijinta wata safiya yana wasa fartanya.

"Malam, ka rufa wa gari asiri, an gode. Saura na 'yarka."

"Me kike so in yi? Ni na san wa a birni?"

"Shekara nawa kana kai wa Alhaji Suma'ila na unguwar Zango zana? Ka yi masa rumfar mota, ka yi masa ta awaki. Ka je ka buɗe baki."

Buɗe bakin nan shi ne abin da Tanimu bai gada ba. Ya je Zango sau ɗaya, ya zauna a shagon Alhaji tun hantsi, suka gaisa, suka yi zancen damina da tsadar gero. Alhaji ya ce lafiya dai ko? Ya ce lafiya lau, dama wucewa yake yi. Ya dawo gida. Hauwa ta ajiye masa tuwo da ƙarfi. Zuwa na biyu ta sa Rakiya ta bi shi, ta ce in ya kasa, ko ganin yarinyar zai yi magana.

Haka kuwa aka yi. Alhaji Suma'ila ya dubi yarinyar da ke tsugune a bakin shago, ya ce wannan fa? Tanimu ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo shi, cikin muryar da ko shi da ƙyar yake ji. Alhaji ya ce ai wannan ba komai ba ne, amma cikin gida na Hajiya ne, a je a ji ta bakinta. Hajiya Ilham ta ƙare wa Rakiya kallo, musamman damatsanta, ta ce ta zo, dama gidan yana bukatar hannu.

Aka samar mata wuri a wata lise ta cikin birni, aji mai bango da rufin tol, yara cike har bakin taga, benci ɗaya mutum huɗu in an matsa. A cikin 'yan matan Garin Ari ita kaɗai ta taho.

Ranar da zai kai ta, gero bai gama nuna ba, gamba tana nan kore shar a fadama. Sun shiga motar kasuwa da ɗan buhun gero da ƙullin kuka da Hauwa ta haɗa don kada a je hannu biyu. Sun isa Zango da hantsi, suka ratsa ta cikin 'yan kabu-kabu, suka yi sallama a gidan. A tsakar gida jarkoki ne a jere, duk babu ruwa. Kowa ya san ruwan Damagaram: famfo yana zuwa ne in ya ga dama, layinsa kuwa tun asuba ake kama shi.

Hajiya ta fito ta amsa gaisuwa da fara'a, ta karɓi tsarabar ta sa albarka. Rakiya ba ta sauke jakar littattafanta daga kafaɗa ba Hajiya ta nuna mata jarkokin.

"Yauwa 'yata, kin zo a daidai. An ce famfon bayan masallaci ya kawo. Yi maza kafin ya ɗauke. Kullum da safe kafin ki tafi, wannan ne aikinki, sai shara da wanke-wanke."

Tanimu ya riga ya yi godiya, ya riga ya juya zai fita. Ya kai bakin zaure ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, har Hajiya ta ce ko ya yi mantuwa ne.

"Hajiya," in ji shi, bai ɗago kai ba, "ki yi haƙuri da maganata. Ni talaka ne, ba ni da abin da zan biya ki. Amma yarinyar nan karatu ta zo yi. Shekara ɗaya ce tak ta rage mata. In ta makara da safe ba za su jira ta ba."

Hajiya ta yi dariya, ba ta mugunta ba.

"Kai Malam Tanimu, wa ya hana ta karatu? Mu ma muna son mu ga ta zama likita. Ta dai cika jarkokin tukuna."

Rakiya ta rataye jakarta a ƙusar da ke jikin bango, ta ɗauki jarka biyu. Da ta zo wucewa ta gabansa a zaure sai ta ce a hankali, "Baba, ka tafi kada motar ta bar ka. Zan riƙa tashi da wuri."

Ya bi ta a baya har bayan masallaci. Layin ya kai kwana. Ta ajiye jarkokinta a ƙarshe, bayan wata tsohuwa, ta tsaya. Shi ma ya tsaya a tsallaken hanya yana kallon layin, yana jira ya ga ko yana motsi.